Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga limamai da shugabannin ƙungiyoyinmu na Birtaniya kan rikicin neman mafaka

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Allah ya gafarta malamai, ranku ya daɗe iyayenmu shugabannin ƙungiyoyin Hausawa da 'yan Arewa na Landan, Birmingham, Manchester, Leeds, Glasgow da sauran garuruwan da rabo ya watsa mu. Ina gaishe ku da ɗawainiyar jama'a. Ku ake bugawa waya da tsakar dare in an yi rasuwa, ku ke haɗa kuɗin kabari, ku ke zama da ma'aurata har a sasanta. Wannan matsayi naku ne ya sa na kawo kukana gare ku, na kuma kawo shi a bainar jama'a, domin maganar ta fi ƙarfin a riƙa yin ta ƙasa-ƙasa a bakin masallaci bayan an idar da Juma'a.

Mutanen ƙasar nan sun fusata, kuma kowa a cikinmu ya sani. Wanda ke shiga bas ya ji, wanda ke aiki da Turawa ya ji, yaranmu ma suna kwaso maganar daga makaranta: kwale-kwale, otal-otal, masu neman mafaka, kuɗin haraji. A lokacin zafin 2025 mun wayi gari an ɗaɗɗaure tutoci a jikin fitilun titi unguwa bayan unguwa. Ranar 13 ga Satumbar shekarar, mutum fiye da dubu 100 suka cika tsakiyar Landan a gangamin da Tommy Robinson, wani jagoran masu adawa da baƙi, ya kira. Jam'iyyar Reform ta Nigel Farage ta yi watanni tana kan gaba a ƙuri'un jin ra'ayin jama'a. Mu kuma in an taso da zancen, amsarmu guda ce, "ƙiyayya ce kawai, ba sa son baƙar fata da Musulmi," sai mu ja bakinmu mu yi shiru. Ƙiyayyar tana nan, na gan ta ido da ido. Amma ruwa ba ya tsami banza, kuma muddin muka ƙi duba abin da ya tsamar da shi, masu ƙiyayyar za mu bar wa fili su yi ta yi wa mutane bayani yadda suka ga dama.

Aikina kula da tsofaffi ne a gidajensu. Cikin waɗanda nake zuwa wa akwai wata tsohuwa Baturiya da ta ƙare ƙuruciyarta tana girki a makarantar firamare har ta yi ritaya. In hunturu ya shigo, ɗaki guda take ɗumamawa, shi ma na ɗan lokaci. Sauran yinin tana zaune cikin rigar sanyi biyu, da bargo a gwiwa, in na taɓa hannunta zan ba ta magani sai in ji shi ƙarau. A watan Yulin 2024 ministar kuɗi Rachel Reeves ta janye wa miliyoyin tsofaffi tallafin ɗumama gida na fam 200 zuwa 300, tsohuwar nan tana ciki. An dawo wa yawancinsu da shi a shekarar da ta biyo, amma sun riga sun sha sanyin hunturu guda. Jikanta da matarsa da 'ya'yansu suna cikin layin jiran gidan ƙaramar hukuma, layin da a Ingila kaɗai ya kai iyalai kusan miliyan 1.3. Ita kanta tana cikin layin asibiti. Sai ta kunna talabijin ta ji an ce gwamnati na kashe kusan fam miliyan 8 kullum rana a kan otal-otal na masu neman mafaka, kamar yadda Ma'aikatar Cikin Gida da kanta ta bayyana a 2023. Ta juyo ta ce mini, "Ba da kai nake ba, kai aiki kake yi. Amma ka faɗa mini tsakani da Allah, wannan adalci ne?"

Matar nan in azumi ya zo ita ke tuna mini lokacin shan ruwa. Ba zan iya ce mata mai wariya ba. Tambayarta tambaya ce ta gaskiya, kuma ta cancanci amsa ta gaskiya. Abin da ke damuna shi ne, wanda ya fara ƙwanƙwasa mata ƙofa da amsa shi ne mai cewa laifin duk na baƙi ne.

To wa ya kawo otal-otal ɗin? Malamai, ina roƙon ku ɗan yi haƙuri da ni a nan, domin da yawa cikinmu, har da masu ilimi, ba su san yadda abin yake tafiya ba. Birtaniya ta sa hannu a yarjejeniyar 'yan gudun hijira ta 1951. Amma ba ta da bizar neman mafaka. Sai ƙafarka ta taka ƙasar kafin ka nema. Wannan ne kasuwar masu fasa-ƙwaurin mutane: a 2018 'yan ɗaruruwa ne suka tsallako mashigin ruwan da ke tsakanin Faransa da Ingila a ƙananan kwale-kwale, a 2022 suka haura dubu 45, a 2023 suka sauko kusan dubu 29, a 2024 suka koma kusan dubu 37. Ranar 24 ga Nuwambar 2021 mutum aƙalla 27 suka nitse a dare guda. Ga shi tun da ƙasar ta fice daga Tarayyar Turai ta rasa tsarin Dublin, wanda a da yake ba ta damar mayar da wasu zuwa ƙasar Turan da suka fara shiga.

Da mutum ya nemi mafaka, doka ta hana shi aiki. Tun 2002 aka tsaurara wannan. Sai ya yi wata 12 yana jira kafin ya nemi izini, shi ma a cikin 'yan tsirarun ayyukan da gwamnati ta jera. Tunda an hana shi neman na kansa, gwamnati ce ke ba shi makwanci da abinci in ba shi da komai. Da ana yanke hukunci da wuri, da abin bai taru ba. Sai ma'aikatar ta bar takardu suka yi ta jibgewa, har a tsakiyar 2023 mutum kusan dubu 175 suna jiran hukuncin farko. Gidajen da aka tanada suka cika, aka koma kama otal. A Satumbar 2023 mutum kusan dubu 56 ne a otal wajen 400. A shekarar ce kuma majalisa ta yi dokar da ta ce wanda ya shigo ta ɓarauniyar hanya ba za a ma duba buƙatarsa ba, za a tura shi wata ƙasa. Ƙasar ita ce Ruwanda. Firaministan lokacin Boris Johnson da ministarsa ta cikin gida Priti Patel suka sanar da shirin a Afrilun 2022, Kotun Ƙoli ta ce ya saɓa doka a Nuwambar 2023, Keir Starmer ya soke shi da hawansa mulki a Yulin 2024. Yvette Cooper, ministar cikin gida ta Starmer a lokacin, ta gaya wa majalisa cewa shirin ya lashe fam miliyan 700, kuma mutum huɗu kacal suka tafi, su ma da son ransu. Duk tsawon wannan lokaci dubban mutane suna zaune a otal, ba a duba takardunsu ba, ba a kore su ba, ba a bar su su yi aiki ba, kuɗi kuwa suna ta zuba. An kuma kawo jirgin ruwan nan Bibby Stockholm aka girke a Portland, aka zuba mutane a watan Agustan 2023, cikin 'yan kwanaki aka kwashe su saboda an sami ƙwayar cuta a ruwan jirgin. Bayan an mayar da su, wani matashi ɗan Albaniya ya rasa ransa a ciki.

Kuɗin kuma ina suke zuwa? Kamfanoni uku ne ke riƙe da kwangilar masaukin, Serco, Mears da Clearsprings. Ofishin babban mai binciken kuɗin gwamnati ya ce a 2025 kwangilar da aka ƙiyasta za ta ci fam biliyan 4.5 cikin shekara goma yanzu ta doshi biliyan 15.3. Tsohuwata ba ta taɓa jin sunan ko ɗaya daga cikin kamfanonin nan ba. Fuskar da ake nuna mata kullum ita ce ta yaron da ke tsaye a ƙofar otal da waya a hannu.

Na san ɗaya daga cikin irin yaran nan. Yana zuwa masallacinmu. Bahaushen Sudan ne, kakanninsa na cikin waɗanda suka kama hanyar Makka a ƙafa suka yada zango a can, Hausarsa a cakuɗe da Larabci amma tsaf muke fahimtar juna. Mai walda ne, yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya raba shi da garinsu. Ɗaki guda suke kwana da wani mutum da ba sa jin yaren juna. Ba shi da ikon dafa ko shayi da kansa a tukunya, abinci ake miƙo musu a robobi a lokacin da aka tsara. Kuɗin da ake sa masa a kati bai kai fam 10 a mako ba, tikitin bas na yini guda yana cinye kusan rabi. Saboda haka a ƙafa yake zuwa, tun kafin ladan, ya ɗauki injin shara ya bi kafet ɗin masallaci sahu-sahu ba wanda ya sa shi. Ran da muka fara zama da shi, abin da ya tambaye ni shi ne ko na san inda zai riƙa taɓa ƙarfe ko da ba biya, don hannunsa ya fara mantawa. Ga mai sana'a, ga ƙasa mai kukan rashin masu sana'a, ga doka ta ɗaure shi tana ciyar da shi da kuɗin tsohuwar da ke rawar ɗari. Duka biyun an cuce su, kuma hannu ɗaya ne ya cuce su.

Sai maganar cin tallafi ta hanyar zamba, wadda ta fi komai tunzura mutane. Ya kamata ku riƙe gaskiyarta a hannu domin ku iya ba da amsa. Mai neman mafaka ba ya cikin masu karɓar Universal Credit, wato tallafin da gwamnati ke ba marasa aiki da masu ƙaramin ƙarfi, ba ya kuma shiga layin gidan ƙaramar hukuma. Wanda aka ba gida yana dafa wa kansa, abin da yake samu ya ɗan haura fam 49 a mako. Mu da muka zo da bizar aiki ko ta karatu, a rubuce yake a takardunmu cewa ba mu da haƙƙi a tallafin gwamnati. Muna biyan haraji kamar kowa, sannan mai bizar aiki na gama-gari yana biyan fam 1,035 duk shekara na lafiya a kan kowane babba a gidansa. Zambar tallafi kuwa tana nan, babba ce ma. Ma'aikatar Ayyuka da Fansho tana lissafa fiye da fam biliyan 9 a shekara da ake biya ba bisa ƙa'ida ba, tsakanin zamba da kuskure. A 2024 aka ɗaure wasu 'yan Bulgeriya biyar da suka sace fiye da fam miliyan 50 da takardun bogi daga wasu shaguna a arewacin Landan. Ba masu neman mafaka ba ne, amma a kunnen mai sauraro duk baƙo baƙo ne. Akwai kuma abin da ba za a musa ba: wasu mazauna otal suna hayar asusun wani a Deliveroo ko Uber Eats ko Just Eat suna kai abinci a keke, alhali an hana su aiki. Karya doka ne. Kuma mai asusun da ke zaune a gida yana yankar kasonsa daga guminsu, sau da yawa shi ma baƙo ne irinmu da ya riga ya sami takarda.

Bahaushe ya ce in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Na daɗe a kan warin daddawa. Yanzu, ranku ya daɗe, bari in zo kan ɓera, domin wasu ɓerayen namu ne, kuma wannan ne ainihin abin da ya sa na rubuto.

Alƙaluman Ma'aikatar Cikin Gida sun nuna cewa a 2024 mutum kusan dubu 40 da suka nemi mafaka da biza suka shigo, ta karatu ko ta aiki ko ta ziyara. Da aka zo maganar ƙasashen da za a ƙara sa wa ido saboda haka, Najeriya na cikin ukun da aka fi ambata, tare da Pakistan da Siri Lanka. Namu ba su cika zuwa ta kwale-kwale ba. Ta filin jirgi suke shigowa, sai biza ta kusa ƙarewa a fara neman mafita.

Na san halin da ke kai mutum nan, kuma ba na raina shi. Ɗalibi ya zo da lissafin dala a naira 460, kafin ya gama zangon farko ta haura 1,500, kuɗin da mahaifinsa ya sayar da gona ya tara suka narke. A 2024 mun ga yadda aka ce wa wasu ɗaliban Najeriya na jami'ar Teesside su bar ƙasar saboda sun kasa cika kuɗin makaranta. Wata ta biya dillali miliyoyin naira don takardar ɗaukar nauyin aikin kula da tsofaffi, ta iso ta tarar ba aikin, ko kamfanin ma babu shi. Gwamnati ta ƙwace lasisin kamfanonin kula fiye da 470 tsakanin 2022 da 2024, ma'aikata kusan dubu 39 suka shiga tsaka mai wuya. Ga bashi a gida, ga kunyar komawa hannu rabbana. A daidai wannan gaɓa ne wani zai matso bayan sallah, ko ya turo saƙo a WhatsApp, ya ce, "Kada ka damu, akwai wanda zai haɗa maka kes."

Kun san su. Wallahi kun san su, domin a walimarmu suke cin abinci. Ba lauyoyi ba ne, ba su da rajista da kowace hukuma, amma suna karɓar dubban fam su rubuta wa mutum tarihin da bai taɓa rayuwa ba. Wanda bai taɓa wuce Bauchi ba a rubuta masa cewa Boko Haram na farautarsa. A haɗa wasiƙar barazana, a haɗa shafin jaridar da ba a taɓa bugawa ba. Wani a ce ya ce ya bar addini ana neman kashe shi, wani a ce ya ce shi mai neman maza ne, a kai shi wurare a ɗauke shi hoto don hujja, ya haddace labarin ya je ya rantse a kai. Mu kuma sai mu ce "neman mafita ne, ƙasar kafirai ce, Allah ya ba da sa'a." Tun yaushe ƙarya da rantsuwar zur suka halatta saboda wanda za a yi wa ba Musulmi ba ne? Mun shigo ƙasar nan da alƙawari, biza alƙawari ce, kuma ku kuka koya mana matsayin alƙawari.

Malamai, kun fi ni sanin hijirar Habasha. Sahabbai sun je neman mafaka wajen sarki Kirista. Da Ƙuraishawa suka biyo su suka nemi a tambaye su abin da suke cewa game da Annabi Isa, ƙarya ce hanya mafi sauƙi, kuma rayukansu ne a kan layi. Ja'afar ɗan Abu Ɗalib ya tashi ya faɗi abin da suka yi imani da shi ba ragi ba ƙari, Najjashi ya ba su amana. Wannan ƙissa muna karanta wa yara a Islamiyya, amma ban taɓa jin an hau mumbari an haɗa ta da abin da ke faruwa a tsakaninmu ba.

Kuma ƙaryar nan tana da waɗanda take kashewa. Duk labarin bogi da jami'i ya gano, wanda zai shigo bayansa da labarin gaskiya shi zai biya. Yarinyar da ta tsero daga Gwoza da gaske, magidancin da 'yan bindiga suka ƙone wa ƙauye a Zamfara, matar da ta gudo da 'yarta don kada a yi mata kaciya, mai waldan nan na Sudan, dukkansu za a dube su da idon zargi. Shi kansa mai kes ɗin bogin ba a gaya masa abin da ya saya ba. In an gano shi, laifi ne a doka, za a iya hana shi shigowa har shekara goma. In kuma ya ci nasara, ya rufe wa kansa ƙofar gida, domin wanda ya ce ƙasarsa za ta kashe shi in ya koma ziyara yana iya rasa takardarsa. Mahaifiya za ta kwanta ciwo, za ta rasu, a yi jana'iza yana kallo ta waya.

Sauranmu ma muna biya. Daga Janairun 2024 aka hana yawancin ɗalibai zuwa da iyalansu, a watan Maris aka hana masu aikin kula, a Yulin 2025 aka rufe ɗauko masu aikin kula daga waje gaba ɗaya. Gwamnati ta kuma sanar da niyyar mayar da jiran takardar zaman dindindin daga shekara 5 zuwa 10. Akwai kuma biyan da ya fi wannan muni. Da aka kashe yara mata uku a Southport ranar 29 ga Yulin 2024, cikin awoyi aka baza ƙaryar cewa wanda ya yi Musulmi ne mai neman mafaka, alhali a Cardiff aka haife shi. Washegari aka far wa masallacin garin. Ranar 4 ga Agusta aka yi yunƙurin cinna wa otal wuta a kusa da Rotherham da mutane a ciki. Matanmu sun yi kwanaki ba sa fita da hijabi su kaɗai. A Epping kuma, a 2025, zanga-zangar ta taso ne bayan wani ɗan Habasha mazaunin otal ya ci zarafin yarinya 'yar shekara 14, kotu ta same shi da laifi, daga baya aka mayar da shi ƙasarsu. A irin wannan bai kamata a ji muryarmu tana kame-kame ba. Wanda aka ba masauki ya taɓa 'yar masu gida, a hukunta shi a kore shi, kuma mu ya kamata mu fara faɗa, domin mu ma muna da 'ya'ya mata.

Shabana Mahmood, wadda ta karɓi Ma'aikatar Cikin Gida a Satumbar 2025, ta fito a watan Nuwamba da tsarin da aka kwaikwayo daga Denmark. Akwai abin da na yarda da shi a ciki. A gaggauta shari'a, a rage ɗaukaka ƙara a kan ɗaukaka ƙara, wanda aka tabbatar ba shi da hujja a mayar da shi gida cikin mutunci. Tsarin da ba ya iya cewa a'a, ba wanda zai yarda da shi in ya ce e. Amma cewa wanda aka riga aka tabbatar ɗan gudun hijira ne za a riƙa sake duba takardarsa duk wata 30, kuma zai iya jiran shekara 20 kafin zaman dindindin, wannan ban ga alherinsa ba. Wane mai kamfani zai koya wa mutum aiki alhali bai san ko zai kai baɗi ba? Ma'aikatar da ta kasa duba takarda sau ɗaya a kan lokaci, yaya za ta duba ta sau takwas? Mun kuma ga ƙasar nan ta iya in ta so. Daga Maris ɗin 2022 ta karɓi 'yan Yukren fiye da dubu 200, da biza suka zo, aka ba su izinin aiki tun ranar farko, ba wanda ya ga sun cika kwale-kwale.

Wani abin kuma da ya shafe mu kai tsaye, ba a cika faɗarsa ba. Kuɗin otal ɗin nan, kaso mai yawa daga asusun agajin ƙasashen waje ake ɗibarsa. A 2023 fam biliyan 4.3 aka kashe a cikin gida daga wannan asusu, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu. Sannan a Fabrairun 2025 aka sanar da ƙara zaftare asusun. Kuɗin da ya kamata su isa Adre a gabashin Chadi, inda dubban ɗaruruwan 'yan Sudan suka kwararo, ko Diffa da Maraɗi inda 'yan'uwanmu na Nijar suka raba ɗan abin da suke da shi da waɗanda suka gudo daga Borno da Zamfara da Sakkwato, ko sansanin Minawao na Kamaru, su ne suke ƙarewa a hannun masu kwangila a nan. Mafi yawan 'yan gudun hijirar duniya a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi suke zaune, kusa da gida. In aka yanke musu abinci da makaranta a can, wasunsu hanyar Agadas da Libiya za su kama.

Abin da nake roƙo a wajenku bai fi ƙarfinku ba. Allah ya gafarta malam, a yi huɗuba a kan wannan, a kira ƙarya da sunanta, a kuma faɗi haƙƙin wanda ya nemi mafaka da gaskiya. Shugabannin ƙungiyoyi, laifi ne a dokar ƙasar nan mutum ya riƙa ba da shawarar shige da fice alhali ba shi da rajista. Ku nemo lauyoyi da masu ba da shawara masu rajista, ku raba sunayensu a zaurukanmu, ku kafa ɗan asusun da zai biya wa wanda ya shiga matsi kuɗin ganawar farko, tun kafin dillali ya riga ku. Wanda hanyarsa ta ƙare da gaske, a taimaka masa ya koma gida da mutuncinsa, da ɗan jari, ba tare da an mayar da shi abin zunɗe ba. Masu haɗa kes kuma a daina ba su kujerar gaba a taronmu. Ku gaya wa na gida gaskiyar rayuwar nan, domin hotunan da muke turawa suna cikin abin da ke ruɗar su.

Sannan mu fita daga ɗaki. Da yawa ba su san cewa ɗan Najeriya ko Gana ko Kamaru mai izinin zama yana da ikon jefa ƙuri'a a nan ba, saboda ƙasashenmu na cikin ƙungiyar Commonwealth. A yi rajista. Kowane ɗan majalisa yana da ranar ganawa da mutanen mazaɓarsa. Ku je a ƙungiyance ku ce a yanke hukunci cikin watanni, a bar mai jira ya yi aiki ya biya haraji bayan wata shida, a rufe otal-otal ta hanyar rage layi, a binciki ribar masu kwangila, a daina ɗibar kuɗin agaji. Waɗannan buƙatu ne da tsohuwata za ta sa hannu a kai tare da mu in an zauna an yi mata bayani. A lokacin tarzomar 2024, limamin masallacin Abdullah Quilliam na Liverpool ya tsallaka titi da abinci ya je ya saurari waɗanda suka zo zanga-zanga a ƙofarsa, a Southport kuma maƙwabta ne suka fito da safe suka taya gyara katangar masallaci. Irin waɗannan maƙwabta suna kowace unguwa. In muna rabon abinci a masallaci, a buɗe ƙofa ga tsofaffin layin, a gayyace su shan shayi, a bar su su yi tambayar da ke cin su.

Ina roƙon a sa wannan magana a jerin abin da za a tattauna a taron ƙungiya na gaba, a kuma gayyato lauya mai rajista da ɗaya daga cikin yaran otal ɗin su yi magana da bakinsu. Ni a shirye nake in kawo mai waldan in an ba da rana.

Wassalamu alaikum.

Ɗanku,
mai aikin kula da tsofaffi a tsakiyar Ingila